Ƙafar Hagu ta Auta

A taƙaice, ga yadda lamarin ya kasance. Wani mai gyaran takalma ya kai ƙorafi cewa an tauye wa ɗansa haƙƙi a cikin wani wasan kwamfuta. An karɓi ƙorafin, an bincika, an tabbatar yana da gaskiya, an kuma gyara. Daga nan ne komai ya lalace.

Ɗan nasa, wanda kowa ke kira Auta, yana buga gefen dama a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo. Shekararsa ashirin da huɗu, shekarun da ɗan ƙwallo ke fara yawan duban kalanda. Wasan kwamfutar kuwa irin wanda mutum ke zama koci ne daga kan kujerarsa. 'Yan ƙwallon da ke cikinsa mutanen gaske ne, kowanne an ba shi maki daga ɗaya zuwa ashirin: gudu, miƙa ƙwallo, buga kai, ƙarfin kowace ƙafa. Sama da su duka akwai lamba guda, makin iyawa, wadda ke yanke hukuncin iyakar darajar mutum.

Auta ne da kansa ya kawo maganar shago, yana dariya, waya a hannu.

"Baba, ɗanka ya shiga kwamfuta. Duba, gudu sha huɗu!"

Tsohon ya ajiye basilla, ya gyara tabarau, ya bi layin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa mai baƙin man takalmi.

"Wannan fa?"

"Ƙafar hagu ce."

"Shida? Cikin ashirin?"

"Rabu da su, Baba. Wannan ba ruwan kowa da ita."

Shi kuwa da ruwansa. Shekara uku cur, tun Auta na ɗan bakwai, yakan cire masa takalmin dama ya rataye a ƙusa, ya tura shi bayan shago ya dinga buga ƙwallo a jikin bango da hagu. Uwar yaron, Allah ya jiƙanta, takan ce zai gurgunta mata ɗa. Har yau tabon ƙwallo na jikin bangon. Bai gina wa Auta gida ba, bai kai shi babbar makaranta ba. Ƙafar nan ita ce abin da ya ba shi, ga shi an rubuta shida.

Ya bincika ya gano mai ba da makin: wani malamin lissafi ne, wanda ke zuwa filin wasa ranar Asabar da littafi, ya aika wa masu wasan abin da ya gani, don sha'awa kawai. Tsohon ya same shi a ofishin malamai lokacin hutun tara, ya zazzage takalman Auta a kan tebur, tsakanin tarin littattafan ɗalibai.

"Malam, duba bakin wannan. Duba na wannan. Wanne ya fi cinyewa?"

"Daidai suke, Baba."

"Shekara arba'in ina karanta ƙafafun mutane a jikin takalmansu. Mai hagu shida ba ya cinye takalmi haka."

Malamin ya ja masa kujera. "Baba, bari in faɗa maka da harshen sana'arka. Makin iyawa kamar ƙyallen fata ne guda, kuma 'yan rukunin gasar su Auta an riga an yanka musu girmansa, ba ni da ikon ƙarawa. Duk sauran makin daga jikinsa ake fitar da su. Ƙafa biyu kuwa tana cin fata da yawa. In na ɗaga hagu, dole in rage wani wuri."

"To, rage inda ba gaskiya ba."

"Ai matsalar ke nan, duk gaskiya ne. Ka yi shawara da Auta?"

"Ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

Wanda ya ƙare rayuwarsa yana yankan fata, ya kamata a ce shi ne farkon mai gane wannan bayani. Ya gane shi sarai, sai dai bai ga ta inda ya shafi ɗansa ba. Sau huɗu yana komawa. A Asabar ta gaba da zuwansa na huɗu, Auta ya zura ƙwallo da hagu a gaban malamin, malamin ya ɗaga kai ya hango tsohon a can saman benci yana nuna shi da hula. Malamin ya buɗe littafi ya gyara.

Da aka sabunta wasan, hagu ta koma sha biyar. Gudu ya sauka sha biyu, miƙa ƙwallo ta rasa ɗaya. Tsohon ya sa aka buga masa shafin a takarda, ya manna a bango kusa da ƙusar nan.

Abin da bai sani ba, domin Auta ya ɓoye don ya ba shi mamaki, shi ne wata ƙungiya ta rukunin sama na neman ɗan gefe. Ba su da halin zagaya filaye, don haka ma'aikacinsu yakan fara tace sunaye a cikin wasan: duk wanda gudunsa bai kai sha uku ba, ba ya ma bayyana a allo. A tacewar farko sunan Auta ya fito. Ta ƙarshe, wadda daga ita ake kiran mutum goma gwaji, an yi ta ne bayan sabuntawar, sunansa bai fito ba.

Da la'asar Auta ya shigo shago. Bai zauna ba. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Wa ya je wurin malamin?"

"Ni ne. Ka ga sun gyara?"

Auta ya faɗa masa komai, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba.

"Amma ai gaskiya ce," in ji tsohon.

"Gaskiya ce, Baba. Ba wanda ya tambaye ta ne kawai."

Tsohon ya bar shago a buɗe ya nufi gidan malamin, rabon da ya yi irin wannan sauri tun yana saurayi. Malamin ya ce ana iya mayarwa, amma sai sabuntawa ta gaba, nan da wata shida. Gwajin kuwa jibi ne.

Ƙarshen kakar wasa ƙungiyar Auta ba ta sabunta masa kwantiragi ba. Ya sami aikin tuƙa motar kaya a wani gari. Yana bugo waya duk mako, ya gaida mahaifinsa da cikakken ladabi, ya tambayi ciwon bayansa, ya yi sallama. Maganar ƙwallo ba ta sake haɗa su ba.

Abin da gyaran ya ci shi ne: maki biyu na gudu, ɗaya na miƙa ƙwallo, gwaji ɗaya, da dariyar da Auta kan shigo shago da ita. Abin da ya rage: takalma ƙafa biyu a kan kantar shago, bakinsu ya cinye daidai, da takarda a bango mai cewa hagu sha biyar, wanda kuma haka ne.