Uwar Jarumin Tagulla

Shekara goma sha ɗaya Lenny Pasternak ya yi yana rubuta labarin Jarumin Tagulla, mujallar zane mai fitowa wata-wata, amma mahaifiyarsa ba ta taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba. In maƙwabta a Brooklyn suka tambaye ta sana'ar ɗanta, sai ta ce yana harkar takarda. Lenny ya ba hamsin baya, sanƙo ya cinye rabin kansa, kuma har yanzu maganar tana sukarsa.

A fitowa ta 412 sai shafi biyu suka rage masa babu abin cikawa. Ya sa Jarumin, bayan ya gama jifan wani mugu da motar bas, ya biya gidan uwarsa shan romon kaza. Ya miƙa wa mai zane hoton tasa uwar. Aka zana ta da rigar girkinta mai furanni, tana faɗa wa mutumin da ke ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya cewa ya rame.

Da ta ji an zana ta, mahaifiyar tasa ta raba mujallar ƙofa-ƙofa a benensu. Ta buga masa waya ta ce hancin bai yi kama ba, amma ta karanta har ƙarshe. Ran nan Lenny da fito ya je ofis.

Bayan sati biyu edita Dolores Quintero ta zazzage masa buhun wasiƙu a kan tebur.

"Uwar Jarumi ta mutu a fitowa ta 118, Lenny. Gida ya ƙone da ita. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana kabari, kai kuma ka tashe ta dafa romo."

Ranar da aka ɗauke shi aiki, Lenny ya rantse ya haddace tsofaffin fitowar kaf. Gaskiyar magana bangonsu kawai ya kalla. Dolores ta ba shi zuwa Juma'a ya kawo bayanin da masu karatu za su haɗiya. In ba haka ba, a fitowa ta gaba za a nuna tsohuwar dodon wata duniya ce ya yi shigar burtu, Jarumi ya wurga ta cikin rana. Lenny ya hango kansa yana yi wa uwarsa bayanin haka, da maƙwabtan bene tsaye a bayanta.

Ya gwada duk dabarun gidan mujallar. Komawa baya cikin zamani, an yi sau biyu. 'Yar tagwaye, an riga an ɓatar da wannan a kan kawun Jarumi. A ce mafarki ne, ai wancan karon da aka yi haka sai da masu karatu suka aiko da tokar mujallar a ambulan.

Ran Laraba ya durƙusa ya zaro wasiƙun da ya tokare gajeriyar ƙafar teburinsa da su. Duk na mutum ɗaya ne, Harold Ogilvie, tsohon ma'aikacin gidan waya a Queens, wanda ke aiko shafi takwas na gyara kowane wata. Lenny ya sayi kwalin kek, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Matar Ogilvie ce ta buɗe ƙofa. Ta karɓi kek ɗin, ta nuna masa matakala, ta ce in ya gama ya taimaka ya turo mata mijin sama, abinci na hucewa.

A ɗakin ƙasa Ogilvie na zaune tsakanin kwalayen takalma cike da katuna, kowane kati da abin da ya faru da wa, a wane shafi. Bai yi murna da ganin marubucin ba. Sai da ya tuna masa ranar haihuwar Jarumi da ya canja sau uku, da wani mugu da ya tsiro da hannun da aka sare masa ba tare da ko sannu ba. Lenny ya amsa laifinsa duka, har da na waɗanda suka riga shi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Akwai hanya, Mista Pasternak. Amma sai ka dawo mini da Pickles."

Lenny ya tambaya wane ne kuma Pickles. Ogilvie ya dube shi kamar ya zagi mamaci. Ya sa farar safar hannu, ya zaro fitowa ta 117 daga leda. Ga Jarumi ya ɗaure ƙaramin karensa a ƙofar gidan burodi, ya ce masa jira ni yanzu zan dawo, ya tashi sama. Daga nan ba a ƙara ambaton karen ba. Ogilvie ya ce duk shekara sai ya rubuto a kan haka, kuma duk ranar da ya wuce gidan burodi sai ya duba bakin ƙofa.

Sannan ya buɗe ta 118, ya ɗora gilashin ƙara girma a kusurwar zanen gobarar. Maratayin bakin ƙofa babu komai. A duk fitowar baya kwat ɗin tsohuwa da jakarta suna rataye a wurin.

"Mai zanen ne ya yi kasala," in ji Lenny.

"Ni ban san wani mai zane ba. Na san dai kwat ba ya fita shi kaɗai."

Lenny ya sake duban zanen. Wato ta fita ɗauko karen da ɗanta ya manta, gida ya ƙone a bayanta. To me ya hana ta bayyana duk shekarun nan? Wannan Ogilvie bai da kati a kansa. Lenny kuwa ba ya buƙatar kati, don shi ya tashi a hannun irin matar. Ta dawo ta tarar ɗanta ya yi mata jana'iza bai ko neme ta gidan ƙanwarta ba. Sai ta ɗauki kare ta tafi Florida, ta zauna kusa da waya, ta ga ko zai kira.

Dolores ta karanta bayanin ran Juma'a, ta ce wannan shi ne shirme mafi ma'ana da ta gani a gidan, a kai wa mai zane.

Da fitowar ta shiga kasuwa wasiƙu suka sake cika buhu, yawancinsu na masu kukan daɗin dawowar kare. Tsohuwa ta zauna daram a labarin. Mahaifiyar Lenny ta kira shi ta ce matar nan ta yi daidai, ita ma da haka za ta yi.

"Kai ma yaushe rabonka da ka kira ni? Kullum ni ce mai kira."

Wasiƙar Ogilvie ta iso a kan lokaci. Layin farko godiya ce. Sauran shafi bakwai da rabi kuwa bayani ne cewa baƙin tabon Pickles a kunnen hagu yake, ba na dama ba. Lenny ya karanta ta tsaf har sa hannun, ya aika wa mai zane saƙo a gyara kunne. Sannan ya ninke ta huɗu ya durƙusa, don teburin ya soma rawa.