Amin ɗin Malam Ajimi

Malam Ajimi ya tsufa yana karantar da tauhidi a zaurensa na Old Maiduguri, kuma in ya zo kan samuwa har gyara zama yake yi. Allah kaɗai ne samuwarsa ta zama dole, in ji shi. Kowa da komai yana iya kasancewa, yana iya rashin kasancewa. Magana mai daɗin faɗa, kafin ɗansa Imran ya ɗauki lodin gero zuwa Bama, daga shi har motar aka neme su aka rasa.

Ba gawa, ba wanda ya ce ya gani. Shekaru suka tafi a haka. Kaltum, uwar yaron, in an idar da salla sai ta tsare mijinta.

"Malam, akwai shi ko babu shi? Ka faɗa mini addu'ar da zan yi masa, ta masu rai ko ta matattu."

Shi kuwa sai ya ce Allah ne masani. Wallahi amsar nan tana ƙona shi fiye da ita.

Ga kuma Aisa, matar Imran, zaune a gidan, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Da wa'adin shari'a ya cika, mahaifinta Alhaji Mikail ya kai magana gaban alƙali, aka ce ta shiga takaba. Washegari maƙwabta suka cika zauren Malam don gaisuwa, suna ta sunkuyar da kai, an rasa mai farawa.

Alhaji Mikail ne ya ɗaga hannu. "Allah ya jiƙan Imran."

Aka zuba wa Malam ido, ana jiran uban yaron ya amsa. Malam ya san in bai amsa ba, babu mai neman auren yarinyar nan a unguwar. Za a ce surukinta ma bai yarda ba. Ya tausaya mata, ya kuma ji tsoron Allah.

"Amin," ya ce.

Da ya shiga gida ya tarar da Kaltum tsaye a bayan katangar zaure.

"Ka ga gawarsa ne, Malam?"

"Ban gani ba."

Ta gyaɗa kai, ta wuce madafa. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayarsa komai ba, ko da hukuncin alwala ne.