Rigar Aikin Baba

Ƴar Baba tana cikin goge wani farin zanen gado a shagon wanki da guga inda take aiki, sai ga Mama ta shigo da baƙar leda a hammata. Ko ba a buɗe ba ta san abin da ke ciki, warin ya riga ya iso.

"Yi sauri ki wanke, ki busar da dutsen guga," in ji Mama ƙasa-ƙasa. "Ƙarfe ɗaya zai je ɗauko yaran makaranta."

Rigar aikin Baba ce, ta direban motar makaranta, gabanta duk amai.

"Yana ina?"

"Yana kwance. Ɗan jiri ne."

"Jirin kwalba nawa, Mama?"

"Ke! Rufa min baki, ubanki ne."

Tun tana shekara tara wannan ne aikinta. Ta wanke riga, ta fesa turare, ta zuba kanumfari a aljihu don ya tauna kafin ya yi magana da mutane. Har yabonta ake yi a gida wai hannunta da albarka, ba a taɓa kama shi ba in ita ta shirya shi. Ta bar gidan shekara biyu ke nan, amma ledar ta san hanyar shagon.

"Sun ce in ya ƙara fashi ko sau ɗaya sun sallame shi," Mama ta ce. "So kike mu zauna muna kallon juna?"

"Yara nawa ne a motar?"

"Yau ya fara tuƙi? Ko ido rufe ya san hanyar nan."

"To ai da ido rufen zai tuƙa."

Mama ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ɗan hakin da ka raina. Yau ni kike mayar wa magana?"

Ƴar Baba ta ajiye dutsen guga. Ta ɗaure bakin ledar, ta tura ta kan tebur.

"Ba zan wanke ba. Na gaji, wallahi na gaji."

"Ai ni ma da hannuna." Mama ta fizge ledar ta fice, ko sallama babu.

Ƴar Baba ta tsaya tana kallon ƙofa. Ta san Mama za ta wanke ta, ta tashe shi da ruwan sanyi, ta raka shi har bakin titi. Ta zare wayar dutsen guga, ta fita bayan shago, ta kira ofishin makarantar. Lambar a kanta take, ta sha kira ta ce zazzaɓi ne.

"Direbanku ba zai iya tuƙi yau ba. Ku nemi wani."

"Ayya, jikin ne kuma?" in ji matar ofis.

Ta runtse ido. "Giya ya sha. Ni ce ƴarsa."