Kofina a Zauren Ustinya

"Kar ki taɓa min bokiti."

Abin da Ustinya ta fara ce min ke nan da na same ta yashe a ƙasa tsakanin murhu da gado. Na ce mata ai ba bokiti na zo ɗagawa ba, tsohuwa na zo ɗagawa. Na sa hannu a hammatarta na ja ta zuwa gado, jikinta zafi rau, numfashi na fita da ƙyar. Tun safe na lura babu hayaƙi a saman gidanta, ina ta ce wa kaina barci ne ya ɗauke ta, sai da rana ta ɗaga na kasa haƙuri na keto dusar ƙanƙara na zo.

Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka a bakin kogin Buktarma. Ita 'yar tsohuwar ɗariƙa ce, cikin Kiristocin nan da ba sa haɗa kwano da kowa, ni kuwa 'yar Kazak ce, Musulma. Wanda ba nasu ba, ko hannu ba ya sa wa kofinsu da bokitin ruwansu. Ranar da aka kawo ni amarya na shiga gaishe ta, sai ta tsayar da ni a zaure, ta ciro wani farin kofin ƙarfe mai shuɗin baki daga jikin ƙusa ta zuba min ruwan zuma. Na koma gida ina kuka, na ce wa mijina Tolegen matar nan ta mai da ni kare. Ya yi dariya ya ce ai gata ta yi min, wasu a tafin hannunsu take zuba musu.

To, a zauren nan rayuwarmu ta ƙare. Kakan mijinta ne ya gina gidan da gumagumai, kuma ya yi zauren da faɗi, ga tarin itace gefe guda, ga tulunan zuma da kabejin gishiri, ga rigunan fata a rataye. Nan ake kakkaɓe ƙanƙara, a rufe ƙofar waje kafin a buɗe ta ciki. Da kaka mu zauna kan benci muna tsinke gansakuka tana cusawa tsakanin gumagumai don toshe iska, da sanyi mu zauna da rigunanmu muna hira hayaƙi na fita daga bakinmu. Nan na gaya mata cikina na fari, nan ta riƙe ni da yaron ya koma. Takan tsokane ni da shayi, wai ruwan ganyen da ya hana Kazak aiki. Ni kuma in ce da ita in an je lahira za a tarar kofi ɗaya ne, kowa ya bi layi. Ɗakin ciki nakan shiga in an yi lalura, amma ban taɓa zama a teburinta ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci min rai duk tsawon shekarun nan. Na so a ce rana ɗaya tak ta manta, mu sha a kofi ɗaya.

Ba ta taɓa mantawa ba, kuma na san dalili. A wurinsu wanda ya sha a kwanon bare, sai ya je gaban dattijon da ke ja musu addu'a ya tuba. In ya mutu kafin haka, ba a yi masa karatu, kuma a bakin shingen makabarta ake binne shi. Haka aka yi wa ƙanen mijinta da ya rasu a birni. Ita kuwa Ustinya ta riga ta keɓe wurinta kusa da kabarin mijinta Yermolai, duk bazara sai ta je ta cire ciyawa a wurin kamar mai gyaran gona.

'Yan ɗariƙarsu duk sun watse daga ƙauyenmu, sai ita kaɗai. Dattijonsu Lavrenti yana can bayan dutse. Tolegen ya ɗaura wa doki sirdi ya ce in hanya ta yarda gobe zai dawo da shi, kuma zai aika wa 'yarta a birni. Ko awa biyu bai yi da tafiya ba guguwar ƙanƙara ta taso.

Na hura murhu. Na jawo bencin da bokitin ke kai har bakin gado, da ƙafa nake turawa don kar ta ce na taɓa, tana bin hannuna da ido kamar mai gadin kasuwa. Kofinta na katako ne, ta ɗiba da kanta ta sha. Na ce ta bari in dafa mata romo, ta ce a wace tukunyar. Na ce, "Yaya, hali dai zanen dutse. Mutuwa na bakin ƙofa kina lissafin tukwane." Ta ce in mutuwar ce ta zo, in gaya mata ta cire takalmi a zaure.

Kwana biyu haka. In je in ba shanu ciyawa, in dawo in zauna. Abincina kuwa a zaure nake ci, a tsaye, ina jin tarinta ta bayan ƙofa. Wallahi har zaginta na yi a raina, na ce tsohuwar banza, kin kusa tafiya ma ba za ki bar ni in ci burodi kusa da ke ba.

Rana ta uku da hantsi ta miƙa hannu ga kofin, ya kuɓuce ya faɗa kan bargo. Ta sake gwadawa, yatsun suka ƙi rufuwa. Leɓunanta sun tsattsage, harshe ya bushe har maganar ba ta fita sosai. Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta juyo gare ni.

"Kulash, ɗauko naki."

Na yi kamar ban ji ba.

"Kofinki na zaure. Ki je kogi ko gidanki ki ɗebo, ki ba ni. Na gaji."

Na tashi na fita zaure, na ciro shi daga jikin ƙusa. Abin da na shekara arba'in ina jira ke nan, ga shi ta faɗa da bakinta, ba wanda ya tilasta ta. Na tsaya cikin sanyin nan ina ta juya kofin. Lavrenti zai tambaye ni, na san zai tambaya, kuma ni ba zan yi ƙarya a kan gawa ba. Ko da ma na yi, ita ta sani, in zazzaɓin ya sake ta ko na minti ɗaya za ta tuna, ta tafi da tsoro a ranta. Na mayar da kofin na koma ciki hannu wofi.

"Ina ruwan?"

"Ba zan ba ki ba, Yaya."

"Ramawa za ki yi?"

"Da ramawa zan yi ai da na ba ki."

Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe. Na hau gadon na zauna a bayanta, na ɗago ta na jingina ta a ƙirjina. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kama wuyan hannuwanta biyu na haɗa tafukanta a jikin kofin, na matse su ta waje, yatsuna a kan nata, ban bari ko farcena ya taɓa katakon ba. Muka sunkuya tare har bakin bokiti muka ɗibo. Rabi ya zube mana a jiki kafin ya kai bakinta. Ta sha, ta huta, muka sake. Sau huɗu muka yi haka.

Da ta samu numfashi sai ta ce, "Hannunki sanyi kamar na kwaɗo."

Na ce wanda ya shekara arba'in a zaure ai dole.

Ta ɗan yi dariya, tari ya katse ta. Ban sauka daga gadon ba, don in na kwantar da ita numfashin tsayawa yake. Ta ce in juya ta wajen kusurwar da hotunan waliyyansu suke, na juya ta. Tana motsa baki da nata, ina yin nawa a zuci. Wajen la'asar na ji ta yi nauyi a jikina, na kira ta sau biyu ba ta amsa ba.

Washegari da azahar Tolegen ya iso da Lavrenti da mata uku da wani mai ɗaukar littafi, mazan gemunsu duk ƙanƙara. A zaure Lavrenti ya tsayar da ni, bai ko zauna ba, ya tambayi wa ya ba ta ruwa, kuma a me. Na gaya masa yadda muka yi, har na nuna masa da hannuna. Ya tambaya ko na tabbata. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, da zan taɓa kofin nan da tun kana da baƙin gemu na taɓa shi." Ya dube ni jim, ya gyaɗa kai, ya ce za a kwantar da ita kusa da Yermolai. Ya yi min godiya sosai, sannan ya ce yanzu za su fara, in yi haƙuri in jira a nan.

Suka shiga suka ja ƙofa. Tolegen ya ce in zo mu je gida in sha shayi mai zafi, na ce ya je ina zuwa. Na zauna a gefena na benci, na bar mata nata. Muryoyinsu na fitowa ƙasa-ƙasa ta cikin gumagumai, ban san me suke cewa ba, sai sunanta da nake tsinta jefi-jefi. Ta ƙasan ƙofar ciki wani ɗan ɗumi na fitowa da ƙamshin kyandir na kakin zuma. Na matsa na sa ƙafafuna a wurin.