Kalmar da Ke Kan Takardar Baba

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma gara in faɗe shi tun bai ruɓe mini a ciki ba.

Sai na gan ni tsaye a tsohuwar mahautar garinmu da rana tsaka, sanye da fararen kayan makaranta. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi. Yana ɓulɓulowa daga kwatami, ya bi ƙafafuna, ya jiƙa mini haɓa, ya wuce sama abinsa. Masu wucewa kowa ya juya lemarsa ƙasa yana kare gwiwoyi. Ban yi mamaki ba. Ni dai damuwata takardar da ke hannuna, kada ta jiƙe.

Takardar ta Baba ce, kuma ita ba mafarki ba ce. Kwana huɗu ke nan da likita ya rubuta ta, bayan an yi wa Baba hoton ciki da gwaje-gwaje. Bai yi mana bayani ba, cewa kawai ya yi mu dawo ranar Litinin tare da babban ɗansa. Ni kuwa wata uku ke nan ina makarantar koyon aikin jinya, inda Malama Dije ke koya mana yadda ake gina kalmomin likitanci. Ta ce kowace doguwar kalma dabba ce. Ka kwantar da ita, ka laluba gaɓoɓinta, ka rarraba, ka fara karantawa daga wutsiya. 'Yan ajinmu suna ta gumi, ni ko a jikina. Ni fa 'yar Tanko mahauci ce, mutumin da ya yi shekara arba'in yana fawa, na san inda wuƙa ke shiga tun ban iya ɗaura zani ba. Nefro ƙoda, gastro tumbi, itis kumburi. Gwajin farko da aka yi mana a aji na cinye shi tas, har Baba ya daina kira na Barira ya koma ce mini Likita. To ranar da aka miƙo mini takardarsa, ina hango doguwar kalmar sai na danne tsakiyarta da babban yatsa, na ninke, na cusa cikin littafi. Kullum ya tambaye ni, in ce ina zuwa.

To a mafarkin, a rumfar da Baba ke rataye nama an kafa teburi da fanka da kalanda. Wani bunsuru ne zaune, da tabarau, da biro a bayan kunne.

"Suna?"

"Barira Tanko."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Tankon da muka sani?"

"Shi."

"Shi ya yanka kakata wata ranar Laraba," ya ce, yana buga hatimi a kan teburin da babu komai a kai. "Hannunsa ba nauyi. Ba mu riƙe shi da komai ba. Me ke tafe da ke?"

Na miƙa masa takardar. Ya sansana ta, ya ɗan gutsuri gefe ya tauna, ya ce a ofishin nan ba a karɓar kalma ɗungurungum, sai an feɗe ta.

"Je ki ɗakin fiɗa. In kin ga ƙofa a buɗe kada ki wahalar da kanki, a kulle take. Ki nemi mai kwaɗo."

Sai ga ni a ciki. Kalmomi ne rataye a ƙugiyoyi, jere har bango, suna ɗigar da tawada sama zuwa rufi. Malama Dije ce a bakin gungumen sara, ta naɗe hannun riga, wuƙar Baba a hannunta. Mutane sun yi layi, kowa ya saɓo kalmarsa a kafaɗa. Wata tsohuwa ta kawo tata, 'yar gajeruwa. Malama ta ɗaga wutsiyar ta ce, "Itis. Kumburi ne, Iya, je ki sha magani." Tsohuwar ta fita tana guɗa. Wani dogo ya kawo mai wutsiyar ektomi, wato a yanke a cire. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro saifarsa, ya ajiye a faranti, ya yi sallama ya tafi.

Layi ya zo kaina. Na ce a bar na bayana ya wuce. Na waiga, babu kowa a bayana sai ni, ni ɗin ma cewa nake a bar ta baya ta wuce.

Malama Dije ta karɓi takardar ta kakkaɓe ta a kan gungumen. Kalmar ta faɗo tim, tsawon rago, tana numfashi. Hepatokasinoma. Babban yatsana yana manne a tsakiyarta, ban san lokacin da ya koma can ba.

"Daga ina ake farawa?"

"Daga wutsiya, Malama."

Ta sara. "Oma."

"Ƙari," na ce. "Amma Malama, ƙari ai kala-kala ne. Akwai wanda yake zaman lafiya da mutum har ya tsufa."

"Ban tambaye ki ba. Kan kalmar fa?"

Ta sake sarawa. Kan ya gangara cikin daro, da ya tsaya sai ya zama hanta.

"Hepato," na ce. "Hanta."

Wayyo, da ma ban san hanta ba. Tun ina ƙarama Baba yake sa ni in riƙe masa tire idan ya buɗe ciki. Hanta ita yake fara dubawa kafin komai. Mai lafiya sumul take, tana sheƙi. Wadda ya ga farin ƙulli a jikinta kuwa ba ya sayarwa, ba ya kyauta da ita, ko kare ba ya jefa wa. Rami yake sa a tona a binne. Ta cikin daron nan ƙulli ne a jikinta har ba ya ƙirguwa.

"Saura tsakiya," in ji Malama. "Ɗaga yatsanki."

"Ya manne."

"To sai mu haɗa da shi mu sara."

Ba tsoratarwa take yi ba, har ta gyara riƙon wuƙar. Na ɗaga. Wata ƙaguwa ta fito daga ƙarƙashin yatsana, ta yi tafiyarta ta gefe-gefe a kan gungumen, ta sauka cikin daro, ta shige cikin hantar ta zauna. Na san ta. Makon jiya Malama ta zana mana ita a allo, ta ce mutanen da ne suka ga yadda ciwon ke miƙa ƙafafu cikin tsoka suka ba shi sunan ƙaguwa. Har dariya muka yi wa zanen.

"Kasin," na ce. "Ciwon daji."

"Haɗa."

"Ƙarin ciwon daji a hanta."

"Goma bisa goma," ta ce. Awaki suka miƙe daga kan benci suna tafa mini da kofato. Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa tsanar karatu ba kamar a lokacin nan. Na yi baƙin cikin kowace amsa da na taɓa bayarwa daidai.

Sai ga ni kuma gaban bunsurun, daron a kan teburinsa. Ya leƙa ya gyaɗa kai.

"Fiɗa ta yi kyau. 'Yar gado ce ke. Ɗauki ki kai masa."

"Haba ranka ya daɗe, likita cewa ya yi babban ɗansa. A jira Yaya Ilu mana, gobe zai iso."

"Ilu ya iya fiɗa?"

"Direba ne."

"To. A nan wanda ya feɗe shi ke kai wa mai ita."

Na roƙe shi a mayar da ita yadda take, in ninke in sa a littafi. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin an mayar wa dabba fatarta ta tashi ba. Wata akuya mai share ofis ta ji tausayina, ta yafuto ni bayan ƙofa. Ta ciro wata wutsiya daga zaninta, itis ce sabuwa fil, da allura da zare. Na tsuguna na ɗinke ta a jikin hantar. Ta zauna daram. Kumburin hanta, abin da ake jinya a tashi. Har na fara hamdala sai ƙaguwar ta leƙo, ta datse zaren, ta koma. Sau uku ina ɗinkewa. Akuyar ta karɓi allurarta ta ce, "Sannu, 'yar nan," ta ci gaba da shara.

Na ɗora daron a ka. Hanyar gidanmu in ka yi gaba baya take kai ka, don haka na juya na tafi da baya-baya har na ji na taka dokin ƙofa.

Baba na zaune a zaure kan buzu yana wasa wuƙa a dutse. Da ƙibarsa, da ƙarfinsa, kamar shekarun da yake saɓa cinyar bijimi shi kaɗai. 'Yan dubiya sun yi layi har waje. Kowa ya durƙusa ya ce, "Malam Tanko, ya jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi." Duk sanda ya faɗa sai ya ragu kaɗan. Masu dubiya su ce madalla, su ba na baya wuri. Na yi ihu a daina tambayarsa, suka juyo suka tambaye ni ya mai jiki, na ji bakina ya ce da sauƙi. Ya ƙara raguwa.

Kafin in ratsa layin in isa gabansa, rigarsa ta kusa haɗiye shi. Idanunsa sun yi rawaya. Wuƙar dai bai daina wasa ta ba.

"Likita, sauke mu gani."

Na ƙanƙame daron a kaina.

"Sauke mana. Hantar wa na taɓa jin tsoro?"

Na fara saukewa. Daron ya zo goshina, ya zo ƙirjina. Ya miƙo wuya zai leƙa, sai hannuna ya saki.

Ƙarar faɗuwar ce ta tashe ni. Buta ce a tsakar gida. Gari ya waye tangaran, littafin yana kan ƙirjina. Na fita na tarar da Baba zaune kan turmi ya jingina da bango, butar ta suɓuce masa tana gangarawa, yana bin ta da ido. Na ɗauko, na durƙusa na gaishe shi.

"Likita, an tashi? Takardar nan fa? Gobe Litinin."

Na dubi butar da ke hannuna.

"Baba, ba mu zo wurin ba tukuna a karatu."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara zama a hankali, hannunsa dafe da gefen cikinsa na dama.

"To," ya ce. "Ki ce wa malamar taku ta ɗan hanzarta."