Ɗigo a Duhun Ƙofa

Ita tela ce, ina ruwanta da hoto? To amma masu saye yanzu sai sun ga riga a waya kafin su taka ƙafa su zo. Shi ya sa ta ishi yayanta mai ɗaukar hoto da naci, har ya kawo kyamararsa da tsakar rana. Ta rataye farar doguwar riga a igiyar shanya, daura da ƙofar ɗakin da 'yarta mai wata bakwai ke barci a kan tabarma.

Ta karɓi kyamara, ta ɗauki hoton farko. Riga ta fito tas, ƙofa kuwa baƙi ƙirin. Ta daɗe tana kallo tana yabon hannunta.

"Kyamara ba ta da wayo," in ji Yaya. "Yanzu hasken filin duka take aunawa, rana ta rinjaye ta. Akwai awon tsakiya, akwai na ɗigo. Inda kika ɗora ɗigon nan, shi kaɗai za ta fitar daidai. Gwada a ƙofa. Riƙe da kyau dai, ba almakashi ba ne."

Ta harare shi, ta murɗa, ta ɗora ɗigo a duhun ƙofa, ta latsa.

Riga ta baje fari fat, ɗaki kuwa ya fito sarai. Ga yarinya ta shimfiɗa hannuwa, ga tef ɗin awo a nannaɗe kusa da ƙafarta.

"Ji inda na yar da tef," ta ce. Sai hannunta ya kai wuya. Tef yana nan a rataye.

Ta yunƙura, Yaya ya damƙe hannunta, ya leƙa hoton.

"Innalillahi! Maciji ne. Kar ki ruga, in ya firgita sara zai yi." Ya ɗauki sandar tokare igiya, ya bi jikin bango a hankali. "Daga nan ido ba ya ganin ciki. Ci gaba da ɗauka, ki riƙa gaya mini inda yake."

Wallahi ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ta latsa. Macijin ya warware, kansa yana kan zanin goyo.

Ta sake. Yana bi ta kan ƙafar yarinya. Allah Ya sa kar ta motsa, Allah Ya sa kar ta farka! Yarinyar da ko tari aka yi sai ta tashi.

Na gaba ya fito dishi-dishi, don kyamara ta motsa. Ta manne gwiwar hannu a cikinta, ta ɗauke numfashi, ta latsa.

"Ya sauka, Yaya. Ya nufi ƙarƙashin keken ɗinki."

Ba ta san lokacin da ta shiga ba. Ta dai tsinci kanta a tsakar gida, yarinya na tsala kuka a ƙirjinta, tana jin ƙarar sanda daga ciki. Ta tuɓe ta, ta duba har tsakanin yatsu. Babu ko ƙwarzane.

Da Yaya ya fito, ya same ta zaune a ƙasa, ta koma kan hoton farko: riga tas, ƙofa baƙi ƙirin.

"Yaya, a wannan ma yana ciki?"

"Yana ciki."

"Ni kuwa ina nan ina yabon ɗinki," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.