Farin Hayaƙi a Hanyar Malumfashi

Karo na uku ke nan a-kori-kurar Malam Bature ta tsaya, saura tafiya mai nisa su hau kwalta. Awaisu bakanike ya diro daga mazaunin direba, ya ɗaga bonet, tururi ya buge shi a fuska.

A baya, kan katifa, mai motar ne kwance, kansa bisa cinyar matarsa Lauratu. Kububuwa ce ta sare shi da rana yana ɗaga damin kara a gona. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinsa ya fara jini. Asibitin Malumfashi suka nufa, kuma tun da 'yan bindiga suka fara tare wannan hanya, la'asar na yi ƙafa ke ɗaukewa. Ko babur babu, waya ma ba ta kamawa.

Awaisu ne ya sauke injin nan kafin kaka, ya sake masa komai. Ranar da ya miƙa makulli sai da ya ja kunnen Malam Bature, maƙwabcinsa: ta ɗan yi tafiya a dawo da ita, ya ƙara ɗaure notocin kan inji kafin a ɗora mata kaya masu nauyi. To amma wa ya ga Malam Bature da hana aro? Motar unguwa ce. Yau masarar wane, gobe dawar wance, kullum sai "gobe in Allah ya kai mu". Lodin ƙarshe ma na mahaifiyar Awaisu ne, kuma shi da bakinsa ya roƙa.

Awaisu ya nannaɗe hannu da tsumma ya buɗe lagireto, ya ƙara ruwa, ya tada mota. Kumfa ta riƙa tasowa. Ya zaro karan duba baƙin mai, ya ga man ya koma kamar shayi da madara. Ruwa ya shiga cikin man.

"Awaisu," in ji Malam Bature daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mene ne?"

"Bel ɗin fanka ne ya saki, Baba. Yanzu za mu wuce."

"Kai dai ba ka iya ƙarya ba. Tun kana goye nake tuƙi. Hayaƙin salansa fari ne ko?"

Awaisu ya waiga ya dubi salansar.

"Ina jin warinsa. Gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, tana shan ruwanta."

"Akwai saura a jarka, Baba. In na zuba za ta ɗan kai mu gaba."

"Ta kai mu ina? Gindin waccan ɗorawar?" Ya yi ɗan murmushi, jini a haƙoransa. "Ba laifin aikinka ba ne, ka ji ko? Ka ce in dawo, ban dawo ba."

Wannan magana ta fi zagi yi wa Awaisu ciwo. Aikin da bai wuce a ja sifana ba kafin shayi ya huce, gida da gida, katanga ɗaya. Ya tsaya riƙe da jarka yana duban hanya gabas da yamma, hawaye na zubo masa, babu kowa sai karan dawa.

"Malam yana son ruwa," in ji Lauratu.

Awaisu ya dubi lagireto, ya dubi jarkar. Ya zagaya baya ya miƙa mata. Ta jiƙa wa mijinta leɓe, ta shafe masa fuska, ta sunkuya tana laƙanta masa kalmar shahada. Awaisu ya kashe motar don ya ji.

Da rana ta yi ja, Lauratu ta zare mayafinta ta lulluɓe shi har kai. Awaisu ya koma gaba ya ɗora tafin hannunsa kan injin. Ya huce sarai, daidai yadda ake so in za a ɗaure noti.